Kwafin Giwa

Mijin ƙanwata bai taɓa karanta aikin injiniya ba. Tun ranar da ya gyara fankar mahaifiyarmu ya ce a daina kiransa da sunan yanka. Fankar ta ɗan yi kwanaki tana juyawa da baya, tana zuƙe iskar ɗakin, sannan ta ƙone. Sunan kuwa ya zauna. Har 'ya'yansa Injiniya suke ce masa.

Ni ina da 'yar makarantar koyon kwamfuta a saman bene, babban ɗaki ɗaya da ƙaramin ofis. A ƙasa akwai tela, kusa da shi akwai mai kemis. Na daɗe ina neman lasisin da zai sa a riƙa rubuta jarrabawar ƙwarewa a wurina, domin na gaji da horar da ɗalibai su tafi wata makaranta su rubuta, ƙannensu kuma su bi su can. Da ƙyar hukuma ta amsa, ta sa ranar da sifeto zai zo. Sharaɗinta shi ne kwamfutocin duka su kasance da tsari iri ɗaya, kuma a sami cikakken kwafin tsarin a ajiye, yadda in wata ta mutu ana tsakiyar jarrabawa za a zuba mata shi ta tashi kamar ba abin da ya same ta. Wanda ya faɗi wannan duba sai ya koma ƙarshen layi. Na san tsawon layin, a cikinsa furfurata ta fara fitowa.

Ana saura 'yan kwanaki, mai gyaran da na saba kira ya tafi jinyar mahaifinsa, wayarsa a kashe. Na ambaci haka a gidan ƙanwata, wadda muke kira Auta, muna cin abinci.

Injiniya ya ajiye cokali. "Kwafin tsari? Yaya, a kan wannan kike neman mai gyara? Ni ai ina barci nake yin kwafin tsari."

"To ka ci gaba da yi a barcin," na ce.

Auta ta bi ni kicin da kwanuka, ta tura ƙofa. "Yaya, ki rufa mini asiri. Tun da aka rufe shagon da yake zuwa hira, a gida yake wuni. Ya kwance injin markaɗe. Ya kwance agogon bango. Jiya na same shi tsaye gaban firij, hannu a baya, yana kallonsa. Ki ba shi wani abu ya taɓa a waje."

Muna fitowa muka tarar ya riga ya ɗauko Giwa. Giwa ita ce kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, tsohuwa ce, mai nauyin bulo. Maƙalin murfinta ya karye tuntuni, in aka buɗe ta sai murfin ya faɗi baya. Saboda haka kife ta yake yi, ya tsayar da ita kamar rumfa, ya jona mata wasu madannai dabam. Da yake a kife take, sai ya juya rubutun gilashin ƙasa a sama, domin ya riƙa ganinsa daidai. Ya danna ta, ta yi nishi, sai muryarsa ta fito daga ciki da iyakar ƙarfin lasifikarta: "Injiniya ya iso. A gyara zama."

Hotonsa ya cika gilashin, da hular kwano a kai, yana nuna wani abu can nesa da ɗan yatsa.

"Shekaru na yi ina gina tsarin nan," in ji shi. "Ba wani lungu a ciki da ban sa hannu ba. Dubi wannan." Ya miƙo mini wata takarda da ya buga. A bayan rubutun, dishi-dishi, ga fuskarsa da hular kwano. "Duk abin da Giwa ta buga, da hatimina yake fita. Ba mai iya sace mini aiki."

"Wa ya taɓa yunƙurin sacewa?"

"Kin gani? Yana aiki."

Na dubi Auta, ta haɗa hannuwa a ƙirji. Na ce, "Kwamfuta ɗaya za ka taɓa, ta bakin ƙofa. Tsarinta za ka kwafa, ba na Giwa ba. In na ga kwafin da idona, sai mu yi maganar sauran."

"Tsarin kwamfutocinki tsarin kasuwa ne, Yaya. Kowa yana da irinsa."

"Shi nake so."

"An gama," ya ce, yana shafa bayan Giwa.

Washegari ya iso da Giwa a goye cikin jaka, ya fara tsayawa a ƙasa ya sanar da maƙwabta cewa hukuma ta nemi taimakonsa. Mai kemis mace ce mai yawan fara'a da dogon tunani. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Ya jikin abokin naka?"

"Wane aboki?"

"Wanda kake saya wa magani duk ƙarshen wata."

"Da sauƙi," ya ce, ya haye bene da sauri.

Ya ce kafin ya taɓa kayana zai fara gwaji a kan Giwa, kuma na ga hankali a cikin wannan. Ya umarce ta ta kwafi duk abin da ke cikinta. Da ta tambaye shi inda za ta ajiye kwafin, ya ce ta ajiye a cikinta. Wani koren layi ya fara tafiya a gilashi. Ya tafi, ya tafi, ya kusa kai ƙarshe, sai ya ja da baya. Ya sake tafiya, ya sake ja da baya. Har azahar muna kallonsa.

"Me ya sa ba ya ƙarewa?" na tambaya.

Ya sa tabarau, ya matsa kusa. "Tana gama kwafar kayanta sai ta ga sabon kaya a ciki, wato kwafin. To shi ma ai kayanta ne. Sai ta kwafe shi. Sai ta ga kwafin kwafin."

"Yaushe za ta gama ke nan?"

"Himma ce ta yi mata yawa, Yaya. Halin mai ita ta ɗauko."

Can Giwa ta cika ta toshe, ta yi zafi har ana jin ƙaurin roba. Ya sauka da gudu ya aro ƙanƙara daga firij ɗin mai kemis, ya naɗe a tawul ya ɗora mata kamar mai zazzaɓi. Sannan ya leƙa ta taga ya ƙwala wa tela kira.

"Maigida, tsayar da keken nan."

Tela ya fito da almakashi a hannu, ya ɗaga kai. "Lafiya?"

"Girgizarka ce take ɓata mini kwafi. Bayanai a jere suke tafiya. In ka girgiza su sai su sauya layi."

"To ka ɗaura musu bel."

"Ba da wasa nake ba."

"Ni ma haka. Tun kafin ka auri 'yar mutane keken nan yake girgiza benen nan, ba wanda ya zube. Kuma hular da ke hotonka, ƙanena mai babur yana cigiyarta."

Injiniya ya rufe taga. Ya ce mini matsalar ƙasar nan ke nan, ba a girmama ilimi.

Kwana biyu bayan haka ya zo da wata jar filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Ya tara ni da tela da mai kemis a bakin bene, ya ɗaga ta sama.

"Kun ga wannan? Irin ta kasuwa, in ka sa ta a kwamfuta sai ta tsaya yi maka tambayoyi. Ka tabbata? Ka amince? Ka san za a goge komai? Na cire duk wannan. Tawa ba ta tambaya. Kwamfuta ta tashi da ita a jiki, shi ke nan, ta share tsoho ta zuba sabo."

Tela ya ce, "Ni kuwa kafin in sa almakashi a yadi sai na sake tambayar mai shi."

"Shi ya sa kake tela."

"Shi ya sa nake da shago."

Na ce, "Tsarin wa ke cikinta?"

"Tsari mai inganci."

"Injiniya."

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Tsarin kwamfutarki ta bakin ƙofa na kwafe shi tsaf, na ajiye shi inda ko ɓarawo ba zai yi tunani ba."

"Ina ne wurin?"

Kafin ya amsa wayata ta yi ƙara. Daga hukuma ne, wai takardar shaidar ginin da na kai ba ta da hatimi, in ban gyara a ranar ba sifeto ba zai zo gobe ba. Na ɗauki jaka. A bakin ƙofa na juyo na ce masa kada ya taɓa komai sai na dawo. Ya ɗora hannu a ƙirji, daidai kan jar filash ɗin.

Wunin ranar a kan benci na yi shi, daga wannan ofis zuwa wancan. Ban dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Na tarar an ɗauke wuta, kwamfutocin nan duka an lulluɓe su da ƙyallayen tela, shuɗi da ɗorawa da mai zanen furanni. Injiniya yana zaune a kujerata yana fifita da kalanda.

"Guda nawa ka taɓa?"

"Aiki ya kammala, Yaya."

"Tashi ka tayar da janareta in gani."

Ya kai ni bayan bene. Janareta yana nan, amma ba a wuri ɗaya ba. An shimfiɗa jarida, an jera kayan cikinsa a kai bisa ga tsawo.

"Na ji yana tari," in ji shi. "Ba zan bari ya kunyata mu gaban sifeto ba. Da safe zan ɗaura."

Na daɗe ina kallon jaridar. Abin da ya zo bakina ba na faɗa wa mijin ƙanwa ba ne.

Da safe na fito da wuri don in duba da kaina, sai sifeto ya kira, wai ya ɓata a shataletale, ya zagaya har ya fara gane masu sayar da jarida. Dole na je na taho da shi. Mutum ne siriri, mai magana a hankali, rungume da baƙar jaka. A hanya ya gaya mini makarantu da yawa ya zagaya a wannan watan, duk rahotanninsu suna cikin jakar nan, kuma yawanci ba su ji daɗin zuwansa ba.

Tun daga bakin titi na ji ƙarar janareta, raina ya ɗan yi sanyi. Da muka kai bene sai ya sake tashi. Matakala cike da mutane. Ɗalibaina, iyayensu, tela, mai kemis, da waɗansu da ban taɓa gani ba. An ɗaura jan ƙyalle a ƙofar aji. A ciki an ajiye wa mahaifiyarmu kujera a gaba, Auta tana tsaye bayanta cikin kayan fita. Injiniya kuwa ya sa hular kwanon, ta gaske.

"Bikin me ake yi?" sifeto ya tambaye ni.

"Ni ma yanzu na zo," na ce.

Injiniya ya miƙa masa almakashin tela. Sifeto ya dube ni, ya dubi taron, ya yanka ƙyallen don a wuce wurin. Aka tafa. Injiniya ya yi jawabi a kan yadda ƙasashe suke ci gaba, da yadda wasu mutane, bai ambaci suna ba, amma suna ɗinki a ƙasa, suke jan ƙafar masu basira. Ya sa ɗalibai suka yaye ƙyallayen. Ashe ya haɗa kwamfutocin duka a kan makunni ɗaya. Ya ɗora yatsa a kai, ya jira a yi shiru, ya danna.

Suka yi nishi tare. Sannan ta bakin ƙofa ta fara.

"Injiniya ya iso. A gyara zama."

Ta kusa da ita ta karɓa tun kafin ta farko ta rufe baki. Sai layin taga, sai layin bango, kowace da iyakar ƙarfinta, domin lasifikar Giwa ta raunana kuma ya ɗaure ƙarar a can sama yadda ba ta saukowa. Ɗakin ya cika da Injiniya yana isowa. Wata jaririya ta fashe da kuka. Mahaifiyarmu ta gyara zama. Na lura sifeto ma ya ɗan miƙe ƙafaɗa kafin ya tuna ko shi waye.

Da ƙarar ta lafa sai hotuna suka bayyana. A kowane gilashi ga Injiniya, ƙafa a sama, hular kwano a ƙasa, yana nuna wani abu a ƙarƙashin teburi.

Sifeto ya karkata kai hagu. Ya ƙara karkatawa. "Me ya sa suke a kife?"

"Ba a kife suke ba, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "Tsarin daidai yake. Gilasan ne aka girka ba daidai ba tun farko."

"Na ga dai ƙafarsu a kan teburi take."

"Kuskuren ke nan." Ya juya ga ɗalibai. "Kowa ya ɗaga gilashinsa ya juya."

Suka ɗaga, suka juya. Gilashi ba ya tsayuwa a kan kansa, sai da riƙo. Wanda ya riƙe ba shi da hannun bugawa. Injiniya ya raba su bibbiyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya buga, ya ce wa sifeto wannan yana koya wa matasa haɗin kai. Tela daga bakin ƙofa ya ce ai gara a rataye ɗaliban a silin, ƙafa a sama, ya fi sauƙi, yana da igiya.

Sifeto ya matsa wurin wata ɗaliba, matar aure ce mai natsuwa, ya ce ta buɗe shafin jarrabawar gwaji. Ta danna wani wuri ba daidai ba. Kwamfutar ta yi dariya, dariyar Injiniya, mai shiga hanci. "Ba haka ake yi ba, ɗan koyo."

Matar ta janye hannu. Sifeto ya ce ta matsa, ya zauna da kansa, ya danna.

"Ba haka ake yi ba, ɗan koyo."

Wani a baya ya yi tari mai kama da dariya. Sifeto ya sake gwadawa, a hankali, shafin ya buɗe, ya rufe nan take, da sanarwar cewa lokacin jarrabawa ya ƙare. Ya dubi agogon hannunsa, ya dubi na gilashi.

"Agogon nan ya yi gaba da kusan awa guda."

Auta ce ta amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Shi ya tura na Giwa gaba, don ya daina makara."

"Ya daina?" in ji tela.

"Yana cirewa a ransa."

Injiniya ya ɗaga hannu zai yi bayani, sai kwamfutocin suka yi ƙararrawa tare. Wannan karon ba muryarsa ba ce. Muryar Auta ce, irin wadda take yi a gida in ta gaji, ta fito daga kowane teburi.

"Baban yara, ka sha maganin basir ɗinka. Kuma kada ka ce mini ka manta."

Layin taga ya maimaita. Layin bango ya maimaita. Wadda ta fi jinkiri, can a kusurwa, ta jira kowa ya gama sannan ta faɗa ita kaɗai, a sarari.

Auta ta ja mayafi ta rufe fuska. Mai kemis ta gyara tsayuwa ta ce, "Ashe abokin naka a gidanku yake kwana."

Mahaifiyarmu ba ta ji da kyau, amma wannan ta ji shi. Ta juyo ta dubi surukinta. "To ka sha kuwa?"

"Inna, ana aiki."

"Aiki ba ya hana shan magani. A ba shi ruwa."

Wata daga cikin iyayen ta miƙo gora. Ya karɓa, don bai san yadda zai ƙi ba.

Na matsa kusa da shi. Na yi magana a hankali, yadda na saba. "Ka mayar da tsarina. Yanzu. Ina kwafin da ka ce ka ajiye?"

"Yana nan lafiya."

"Ina?"

Ya nuna kwamfutar bakin ƙofa da gorar. "A cikinta. Wa zai yi tunanin neman kwafin kwamfuta a cikin kwamfutar?"

"Wace ka fara zuba wa jar filash?"

Ya dubi kwamfutar bakin ƙofa, ita ma ta dube shi a kife.

Tela ya ce, "Wato ka ɓoye mabuɗin akwati a cikin akwatin, sannan ka cinna wa akwatin wuta."

"Ba za ka gane ba."

"Yau kam na gane."

Sifeto bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Ya nemi teburi, ya zaro kwamfutarsa daga baƙar jaka, ya jona ta a soket, yana ba da haƙuri cewa batirinta ya mutu tun bara, sai da wuta take aiki. Ya fara bugawa. Ina tsaye a bayansa, na ga sunan makarantata, na ga kalmomin "ba ta cancanta ba". Na tuna bencin jiya, da duk bencin da suka gabace shi.

Ya ɗago. "Saura abu ɗaya. Doka ta ce in rubuta ko na ga kwafin da ido. Yana ina?"

Injiniya ya farfaɗo. Ya cire igiyar daga wuya, ya miƙa da hannu biyu. "Ga shi, ranka ya daɗe. Duk abin da za a ce, ba za a ce kwamfutocin nan ba iri ɗaya ba ne."

"Wannan gaskiya ne," in ji sifeto. Ya soka filash ɗin a kwamfutarsa don ya ga abin da ke ciki.

A daidai nan janareta ya yi tari. Ya sake yi. Ya yi wani dogon numfashi ya mutu. Gilasai duka suka yi baƙi, har da na sifeto.

"Ba komai," in ji Injiniya, ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙusoshi cike da tafi. "Waɗannan ne suka yi saura da safe. Ashe yana buƙatarsu."

Ya sauka da gudu. Muka ji duka, muka ji ja, janareta ya tashi. Kwamfutocina suka fara nishi. Sifeto ya kai yatsa ya danna tasa. Sai a lokacin idona ya faɗa kan jan abin da ke maƙale a gefenta.

"Ranka ya daɗe, cire wannan."

Ya cire. Ya sake dubawa, ya ga gilashin ya tsaya cik, rabi a share, ba gaba ba baya. Injiniya, wanda ya dawo yana haki, ya ce in aka bar ta haka ta mutu ke nan har abada. Sifeto ya mayar da filash ɗin da hannunsa. Koren layi ya ci gaba da tafiya. Wannan karon bai ja da baya ba. Ba ta tambaye shi ko ya tabbata ba.

Ɗakin ya sake cika da isowar Injiniya, aka sake yin shiru. Mutane suka tsaya, ba mai fita. Can, daga kan teburin sifeto, wata sabuwar murya, siririya, ta ce, "Injiniya ya iso. A gyara zama."

Sifeto ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya rufe murfin a hankali, kamar mai rufe idon mamaci, ya ce yana son magana da ni a ofis.

Na tura ƙofa. Ya ce, "Malama, rahotannin wata guda ne a ciki."

"Na sani. Ka yi haƙuri."

"Kuma a wurinmu an hana sa filash ɗin waje a kwamfutar aiki. Ni na rubuta sanarwar." Ya share gumi. "Saboda haka yau ban zo ba."

"Mutanen da ke waje sun gan ka. Ka yanka ƙyalle."

"Wani suka gani. Ni ƙarshen wata zan zo. Amma da sharaɗi. Mutumin nan kada ya kasance a ginin nan. Kada ya kasance a titin nan. In da hali, a unguwar."

"Da hali," na ce.

Da zai tafi ya zura jar filash ɗin a aljihu, ya ce zai kai wa masu kula da kwamfutocin ofishinsu su bincika, ko za su gane yadda ake warware abin da ta yi. Injiniya ya raka shi har mota, ya dawo yana sanar da matakala cewa hukuma ta karɓi aikinsa don nazari.

Mai gyarana ya dawo a makon. Ya kunna kwamfuta ɗaya, ya saurara, ya kashe, ya nemi kujera ya zauna tukuna. Ya share su duka, ya zuba tsarin kasuwa irin na kowa, ya yi kwafi a filash mai tambaya. Ranar da sifeto zai dawo, Auta ta tura mijinta kai wa wata gwaggonmu saƙo a wani gari mai nisa, ta kuma gaya wa gwaggon cewa yana son ya ga rediyonta. Sifeto ya zo da takarda da biro. Ya duba komai, ya ce makaranta ta cancanta.

Lasisin ya yi jinkiri. Da na kira ofishinsu in ji dalili, wata mata ta ce suna da 'yar matsala da na'urori, in ƙara haƙuri. Tana cikin magana na ji ƙararrawa a bayanta, sannan muryar ƙanwata, daga wurare da yawa, tana tambayar baban yara. Matar ta ce za ta sake kirana.

Daga ƙarshe lasisin ya iso a cikin babbar ambulan. Takarda mai kauri, da hatimin hukuma, da sa hannu, da sunan makarantata ba kuskure ko ɗaya. A bayan rubutun, dishi-dishi, daga sama har ƙasa, ga mutum da hular kwano yana nuna wani abu can nesa.

Na mayar na ce a sake bugawa. Suka ce duk na bana haka suka fito, in ina son wani sai in shiga layi.

Doka ta ce a rataye lasisi inda duk mai shigowa zai gani. Na sa shi a gilashi, na rataye a saman matakala. Yanzu ana rubuta jarrabawa a wurina, ɗalibai sun ƙaru. Injiniya kuma yakan kawo baƙi, ya tsayar da su a ƙarƙashinsa, ya ce su duba da kyau su ga wanda hukuma ta sa a takardunta. Tela yakan leƙo ya tambaye shi ko ya sha.

An hana Injiniya wuce matakala ta ƙarshe, kuma yana kiyayewa. Sai dai jiya Auta ta kira ni, ta ce in ina da wurin ajiye nama a gidana in taimaka mata, domin ta dawo daga kasuwa ta tarar an shimfiɗa jarida a gaban firij.